Yadda Ake Horar da Injin Sabuwar Mota a Kilomita 1,600 na Farko

Duk wanda ya karɓi mabuɗin sabuwar mota dal zai ji shawara iri biyu kafin ya isa gida. Wani zai ce masa ya lallaɓa ta kamar ƙwai, kada ya wuce gudun 60 har wata guda. Wani kuma zai ce motocin zamani ba ruwansu da wannan, ya taka ta son ransa. Na horar da injuna da dama, sababbi daga kamfani da waɗanda aka sake wa ringi a gareji, kuma abin da na gani shi ne shawarwarin nan biyu duk suna cutar da inji. Sabon inji aiki yake so, amma aikin da ke sauyawa, bayan ya ɗumama, ba tare da an kai shi maƙura ba. Yadda za ka ba shi wannan aikin shi ne abin da zan bi da kai daki-daki.

Abubuwan da za ka tanada

Littafin motar da ya zo tare da ita. Shi ne gaba da komai, har da abin da zan faɗa a nan. Idan babu shi a cikin motar, yawancin kamfanoni suna ajiye shi a shafinsu na intanet, sai ka nemo na samfurin motarka da shekarar da aka ƙera ta.

Lita ɗaya ta man juye irin wanda littafin ya ambata, mai lamba daidai, ko 0W-20 ne ko 5W-30 ko wata. Sai tsumma fari mai tsabta, da gejin auna iskar taya, da tocila, da ɗan littafin rubutu da biro. Idan ba ka son rubutu, wayarka ta isa: ka riƙa ɗaukar hoton mitar kilomita da na sandar auna mai.

Abu na ƙarshe ba a hannu ake riƙe shi ba, hanya ce. Ka nemi hanyar da za ta ba ka damar ƙara gudu da ragewa, mai ɗan hawa da gangara in da hali, wadda cunkoso bai yi mata yawa ba.

Abin da ke faruwa a cikin injin

Ga ɗan bayanin da zai sa matakan su zauna maka. Kowane fistin, wato ƙarfen da ke kai-komo a cikin silinda, yana ɗauke da ringi, zobban ƙarfe da ke kewaye da shi, galibi uku: biyu na sama suna tare ƙarfin wutar da ke tashi a silinda, na ƙasa yana share mai daga bango. Bangon silindar sabon inji ba sumul yake ba. Da gangan ake barin wasu siraran zane-zane masu gicciye a jikinsa, domin su riƙe mai, su kuma goge gefen ringi har su zauna da juna ɗaram. Abin da ke tura ringi ya manne da bango sosai shi ne matsin wutar da ke shiga bayansa lokacin da ka taka totur. Idan babu matsi, ringi shafar bango kawai yake yi, ƙonannen mai ya cike zane-zanen, bangon ya yi santsi kamar gilashi alhali ringi bai gama zama ba. Idan kuma matsi da zafi suka yi yawa tun da wuri, sai gogayyar ta wuce kima. Ko wanne ya faru, sakamakon ɗaya ne: injin da ke shan mai, ƙarfinsa bai cika ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, domin kaifin zane-zanen nan ba ya daɗewa, yawancin aikin yana ƙarewa ne a 'yan ɗaruruwan kilomita na farko.

Gaskiya ne injunan yanzu ana ƙera su da daidaito fiye da na da, shi ya sa horon ya yi sauƙi. Amma har yanzu kamfanonin da kansu suna rubuta shi a littattafansu.

1. Karanta shafin horo kafin ka tayar da motar

Shafi ɗaya ne ko rabi, amma lambobin sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Honda tana cewa a guji take totur har ƙasa da fizgar mota a kilomita 1,000 na farko, a guji birki mai tsanani a kilomita 300 na farko. Subaru tana cewa kada juyin inji ya wuce 4,000 a minti har sai an cika kilomita 1,600. BMW tana kai horon har kilomita 2,000, da iyakar juyi 4,500 ga injin fetur, 3,500 ga na dizal. Ka rubuta lambobin taka motar guda uku a takarda ka manna inda idonka zai riƙa gani: iyakar juyi, kilomitar da horo zai ƙare, da lokacin juye na farko.

Idan littafin da mil ya yi lissafi, mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Idan kuma bai ba da lamba ba sam, ka ɗauki kilomita 1,600, ka tsaya ƙasa da kashi biyu cikin uku na inda jan layi ya fara a agogon juyin inji. A motar fetur mai jan layi a 6,000, wannan 4,000 ke nan.

2. Duba motar a tsaye, ka rubuta inda ka fara

Ajiye ta a wuri mai daidai, inji a kashe. Zaro sandar auna mai, goge ta da tsumma, mayar da ita har ƙarshe, sake zarowa, ka ga inda man ya tsaya tsakanin alamomin biyu. Ɗauki hoto. Duba ruwan sanyaya inji a robarsa da man birki, ka haska ƙarƙashin motar da tocila ko akwai ɗigo.

Sai taya. Sau da yawa ana cika wa sababbin motoci iska fiye da kima saboda doguwar ajiya da jigila, wani lokaci kuma a manta ba a rage ba. Lambar da ta dace tana kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, ba wadda ke rubuce a gefen taya ba, ita wannan iyaka ce. Ka auna taya tana sanyi.

Wasu motocin ba su da sandar auna mai, a allon gaban direba ake gani. Littafin zai nuna maka inda za ka latsa.

3. Ɗumama inji da tafiya, ba da tsayuwa ba

A nan masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna. Mutum ya tayar da sabuwar mota ya bar ta tana aiki a tsaye minti ashirin ko talatin kowace safiya, a ganinsa gata yake mata. Wannan shi ne ainihin yanayin da na bayyana a sama: ringi yana kai-komo babu matsi, inji yana sanyi, fetur ɗin da bai gama ƙonewa ba yana wanke man da ke bangon silinda.

Abin da za ka yi shi ne ka tayar, ka ba ta kamar rabin minti zuwa minti ɗaya mai ya zagaya, ka ɗaura bel, ka ja a hankali. Minti goma zuwa sha biyar na farko kada juyi ya wuce 2,500, totur kaɗan-kaɗan. Ka kuma sani cewa allurar zafi ruwa take aunawa, ba mai ba. Ruwa yana rigan mai yin zafi, saboda haka ko allura ta hau tsakiya, ko shuɗiyar fitilar sanyi ta mutu a motocin da ba su da allura, ka ƙara wasu mintuna kafin ka fara ba inji aiki na sosai.

Ka rage gajerun tafiye-tafiye a wannan lokaci. Tafiyar minti biyar a kashe, a sake tayarwa bayan awa biyu, ba ta barin mai ya yi zafin da zai kori danshin da ke taruwa a cikinsa. Idan rayuwarka ta gajerun tafiye-tafiye ce, ka haɗa aike-aikenka su zama fita ɗaya, ka kuma ware wa motar tafiyar minti arba'in zuwa awa guda sau biyu ko uku a mako.

4. Kilomita 300 na farko: birki da taya su ma sababbi ne

Hankali yakan tafi kan inji a manta da abin da ke tsayar da motar. Sabuwar taya tana da ɗan santsi a fuskarta daga wajen ƙira, ba ta kama titi sosai sai ta ɗan goge, musamman idan an yi ruwa. Fatun birki su ma ba su gama zama a kan farantinsu ba. Ka bar tazara mai yawa tsakaninka da na gaba, ka fara taka birki da wuri, da matsakaicin ƙarfi. A doguwar gangara kada ka ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa, ka sauke giya inji ya taya ka riƙewa. Idan haɗari ya taso, babu maganar horo, ka taka birki iya ƙarfinka.

Mai giyar hannu ya kula da kuloci: kada ka riƙe mota da shi a kan hawa, kada ka bar ƙafarka a kansa kana tafiya.

5. Ba inji aiki mai sauyawa

Wannan matakin shi ne horon kansa, sauran duk rakiya suke yi masa. Bayan inji ya ɗumama sarai, a kan hanyar da babu kowa a bayanka kusa, ka sa giya ta uku ko ta huɗu, juyi yana wajen 2,000. Taka totur kamar rabi, ka bar motar ta ja da kanta har juyi ya kai 3,500 ko kusa da iyakar da littafinka ya ba ka. Daga nan ka ɗage ƙafa gaba ɗaya, giya tana ciki, ka bar inji ya rage gudun da kansa har ya dawo 2,000. Takawar tana manna ringi da bango, ɗagewar tana jawo mai zuwa sama ya sanyaya wurin ya kwashe ɗan garin ƙarfen da ya fita. Ka maimaita haka sau biyar zuwa goma, sannan ka ci gaba da tuƙinka na yau da kullum na wasu mintuna, ka sake. Mai injin dizal ya rage waɗannan lambobi, domin jan layinsa yana ƙasa: daga wajen 1,500 zuwa 3,000 ya wadatar.

Ba sai ka mai da kowace tafiya atisaye ba. Tuƙin da ya haɗa cikin gari da bayan gari, da tsayawa da tashi da hawa da sauka, yana yin wannan aikin da kansa. Abin da nake so ka guje wa abu uku ne.

Na farko, gudu ɗaya na dogon lokaci. Awa biyu a babbar hanya allura tana tsaye a wuri guda ba horo ba ne. Kada ka kunna na'urar da ke riƙe wa mota gudu ɗaya a wannan lokaci. Idan dole ce ta sa ka yi doguwar tafiya da sabuwar mota, misali daga inda ka saye ta zuwa gida, babu laifi: duk bayan minti biyar zuwa goma ka sauya gudu da kamar kilomita 15 zuwa 20, ka riƙa sauka daga giyar ƙarshe zuwa ta ƙasa da ita kana komawa, ka tsaya hutu bayan kowace awa ɗaya ko ɗaya da rabi. In akwai ƙaramar hanya mai bi ta garuruwa, ta fi babbar amfani ga injinka.

Na biyu, danne inji da babbar giya a ƙaramin gudu. Mutane da yawa suna zaton ƙarancin juyi shi ne tausayi, sai su sa giya ta biyar a gudun 40 su taka totur a kan hawa, motar tana kakkarwa tana gurnani. Wannan ya fi juyi 3,500 illa nesa ba kusa ba, domin kowane bugu yana sauka da nauyi a kan metal ɗin inji, wato ƙarafan da sandar injin ke juyawa a kansu, lokacin da famfon mai ke juyawa a hankali. Da ka ji motar tana nishi, sauke giya.

Na uku, take totur har ƙasa da fizga daga tsaye. A mota mai canza giya da kanta, take totur har ƙasa yana sa ta sauke giya biyu ko uku nan take, allura ta yi tsalle ta wuce iyakarka kafin ka ankara. Saboda haka ka tsara wuce manyan motoci da wuri, inda hanya ta buɗe sosai. Irin wannan motar kuma tana son hawa babbar giya da sauri don tattalin mai, sai ta riƙe juyi a ƙasa kullum. Idan tana da wurin canza giya da hannu, mai alamar ƙari da ragi, yi amfani da shi wajen atisayen da na bayyana. Idan babu, sauya nauyin ƙafarka a kan totur ya isa.

Motar da ba ta da agogon juyi fa? Kunne zai yi maka aiki. Inji mai aiki cikin daɗi sautinsa a cike yake, babu kakkarwa, babu ƙara mai tsini. Kada ka ja kowace giya har sautin ya zama ihu, kada kuma ka bar ta ta faɗi har motar ta fara girgiza.

Idan kuskure ya faru sau ɗaya, allura ta haura iyaka na daƙiƙa biyu wajen kauce wa wani abu, kada ka tayar da hankalinka. Abin da ke ɓata inji shi ne ɗabi'ar da ake maimaitawa kullum.

6. Kaya, ja, da zafi

Kada ka ja tirela ko wata motar a lokacin horo. Toyota, misali, tana hana ja a kilomita 800 na farko. Kada kuma ka cika motar da mutane da kaya maƙil ka nufi doguwar hawa. Ja da nauyi ba inji kaɗai suke wahalarwa ba, haƙoran giya da na aksul su ma suna kan zama da juna. Kwandishan ba matsala ba ne, kunna abinka.

Idan injinka mai turbo ne, wato na'urar da ke ƙara tura iska cikin inji, bayan tafiya mai ɗan nauyi ka sassauta a kilomita biyu ko uku na ƙarshe, ko ka bar shi minti ɗaya kafin ka kashe, domin man da ke cikin turbo kada ya ƙone a tsaye.

7. Auna mai duk lokacin da ka sha fetur

Sabon inji yana iya shan ɗan mai kafin ringi ya zauna, haka fetur ma yakan fi tafiya a farko. Wannan ba abin tsoro ba ne. Ka auna a wuri mai daidai, minti biyar zuwa goma bayan kashe inji, ka rubuta kilomita da matsayin man. A yawancin motoci tsakanin alamar ƙasa da ta sama kusan lita ɗaya ne. Idan ya kusa alamar ƙasa, ka ƙara kaɗan-kaɗan kana aunawa, kada ka wuce ta sama, domin mai da ya yi yawa kumfa yake yi. Kada ka zuba wani sinadarin ƙarin santsi da ake sayarwa a kwalba. Ringi yana buƙatar 'yar gogayya kafin ya zauna, kuma irin wannan ƙari yana iya jawo maka matsala a garantin motar.

Ɗan ƙaurin fenti ko na roba a kwanakin farko daga abin da aka shafa wa salansa da jikin inji ne, zai wuce. Waɗanda ba a jira da su su ne: jar fitilar mai ta kama kana tafiya, allurar zafi ta nufi ja, shuɗin hayaƙi mai ɗorewa, ƙarar ƙwanƙwasar ƙarfe, ko ɗigon mai ko ruwa a ƙasa. Idan fitilar mai ce ko zafi, ka gangara gefe ka kashe nan take. Kada ka buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, ruwan yana cikin matsi, zai ƙona ka. Ka kira dilan da ya sayar maka, kada ka bari a kwance komai a wani wuri motar tana cikin garanti. A nan ne rubutun da kake yi zai yi maka rana, domin hujja ce a hannunka.

8. Daga kilomita 1,000 zuwa ƙarshen horo: ƙara a hankali

Kada ka kwana a iyakar 4,000 ka wayi gari a jan layi. Bayan kilomita 1,000, in littafinka bai hana ba, ka fara ƙara nauyin totur zuwa kashi uku cikin huɗu na ɗan lokaci. Bayan an cika adadin horon, sai ka riƙa ɗaga iyakar juyi da kamar 500 duk bayan kilomita 100 zuwa 200, kullum inji a ɗumame, har ka kai inda motar za ta iya.

9. Juye na farko

A nan makanikai suka rabu biyu, kuma kowa yana da hujjarsa. Tsohuwar koyarwa ita ce a zubar da man farko da wuri saboda garin ƙarfe. Wasu kamfanonin har yanzu haka suke: motocin BMW masu alamar M ana yi musu sabis na musamman a kilomita 2,000. Honda kuwa ta daɗe tana rubuta cewa kada a canza man farko kafin lokacinsa ya yi. Saboda haka littafinka ne alƙali.

Inda littafin ya yi shiru, ni nakan yi juye tsakanin kilomita 1,500 da 2,000, tare da sabuwar filta, musamman ga motar da ke aiki cikin ƙura ko zafi ko cunkoso. Na sha karkata tiren tsohon man farko a rana in ga yana ɗan ƙyalli, kuma hankalina ya fi kwanciya idan wannan ƙyallin ya bar injin. Ka yi juyen a wurin da garantinka ya amince da shi, da mai mai lambar da aka rubuta, ka ajiye rasit. Maganar cewa man zamani mai santsi sosai yana hana ringi zama ba ta shafi sabuwar mota ba, da yawansu da shi suke fitowa daga kamfani.

Injin da aka yi wa aiki a gareji, aka sake ringi ko aka gyara silinda, shi lamarinsa ya fi tsanani, domin aikin hannu bai kai na kamfani tsabta da daidaito ba. Matakan duk ɗaya ne, sai dai juyen farko ya zo da wuri, wajen kilomita 500 zuwa 800, da irin man da wanda ya haɗa injin ya ce, kuma a kiyaye barinsa yana aiki a tsaye fiye da ko yaushe.

Bayan juyen, ka ci gaba da auna mai duk bayan kilomita 1,000 har zuwa 5,000, kana kwatanta shi da abin da ka rubuta a farko. Injin da ringinsa ya zauna za ka ga shan mansa yana raguwa har sandar ta kusa daina motsi tsakanin juye da juye. Idan ya haura kilomita 5,000 yana sha kamar farko ko fiye, ka ɗauki littafin rubutunka ka koma wurin dila, ka nemi a yi masa gwajin shan mai a rubuce tun garanti bai ƙare ba.